Ba Wanda Ya Duba wa Kawu Ajaminsa

Kawu ya rasu gero yana ƙosawa, kuma ban taɓa ganin zaman makokin da ya tara mutanen da ba su san juna ba kamar nasa. Tabarmin ƙofar gida sun cika da tsofaffin abokan aikinsa na ofishin sufurfe, da malaman lakwal, wato makarantar boko, da magatakardan ƙungiyoyin manoma daga Ɗan Barto da Yauri, kowa yana satar kallon na kusa da shi yana tunanin ta ina wannan ya san mamacin. A cikin gida kuwa mata suna ta tambayar Inna, matarsa, wai me yake yi ne haka a gaban kwamfuta shekara da shekaru. Inna ta ce ita ma iyakar abin da ta sani ke nan, yana dannawa, wani lokaci yana tsaki.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Ina koyar da lissafi a nan Matameye, kuma wayata ce ta riƙa karɓar gaisuwar waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wani ya rubuto da Faransanci daga wata ƙasa mai nisa, yana jajanta mana rashin matashin nan mai ƙwazo da ya taimaka masa. Da na fassara wa Inna sai ta yi dariyarta ta farko tun rasuwar, ta ce wane matashi, mutumin da ba ya iya cin goro sai an kankare masa.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane wata 'yar manhaja ce ta rubutu da Kawu ya ƙera. Ba ta da ado. Ka buɗe ta, ka rubuta Hausarka da duk haruffanta masu lanƙwasa, ka adana, ka buga a takarda, ko da kwamfutarka ta tsufa har tana nishi. Ya bar ta a buɗe, duk mai so ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya maido gyaran don kowa ya amfana. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya ba ni makullinta, wato ikon saka abu ko cire shi daga ainihin jikinta. Bai ce don na fi kowa iyawa ba. Ya ce don ni ce ba na tafiya cin rani.

Ranar sadakar uku aka aiko cewa ana kirana a zaure. Amininsa ne, wani malami daga Dawce da suka yi ƙuruciya tare, wanda ba ya rubutun boko ko kaɗan, da ajami yake rubuta wa'azozinsa da wasiƙunsa a manhajar Kawu. Bayan mun gaisa ya yi addu'a, sai ya ce, "An ce ke ya bar wa makulli. Abu ɗaya na zo roƙo, ɗiyata. Kada ku taɓa masa ajaminsa." Na ce to, Malam. Ban kai tsakar gida ba taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ke gyaran waya a Kano, ya tare ni a bakin rumbu, ya rage murya ya ce, "Madam, kin dai san ajamin nan sai an cire shi, ko?" Shi ma na ce masa to. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowannensu yana da gaskiya, kuma mu ne muka kai maganar inda ta kai.

Kawu daktilo ne tun asali, wato mai buga takardun ofis. Shekarunsa na ƙarfi a kan keken rubutu ya ƙarar da su, wanda aka ƙera don Faransanci, saboda haka duk takardar Hausa da ya buga sai ya bi ta da alƙalami yana lanƙwasa wa haruffa kai ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan aiki ne ya fara sa masa furfura. Da kwamfuta ta zo ofishin wani furoje, irin shirin nan na raya ƙasa, da ya koma bayan ya bar aikin gwamnati, tsofaffi irinsa suka ja baya, shi kuwa ya ja kujera. Daga littattafan Faransanci masu yagaggun bango ya koyi yadda ake rubuta wa na'ura umarni, yana da jikoki. Har ya koma ga Allah bai daina dukan madannai kamar yana kan keken ƙarfe ba. Idan ana neman Kawu a gida ba a tambaya, sauraro ake yi. Kuma kafin ya saka kowane gyara a jikin manhajar sai ya yi bisimilla a bayyane, ya goge hannu a riga kamar wanda zai ci tuwo.

Da mutane suka fara kawo nasu ƙarin sai ya raba manhajar gida biyu, da sunayen da kowa ya sani a gona. Akwai gandu, wato ainihin jikinta, wanda duk wanda ya ɗauke ta dole ya ɗauka da shi, kuma kulawa da shi tana wuyan kowa a cikinmu. Akwai gayauna, wato ƙarin da mutum zai ƙera don buƙatar kansa, mai so ya liƙa, wanda ba ya so ya bari, idan ya lalace mai shi ya gyara. Gayauna ba a hana kowa. Shiga gandu ne wuya, kuma sau ɗaya ake yanke shi a shekara, bayan girbi, kafin 'yan cin rani su watse, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na nesa su aiko da muryarsu ta waya. Kawu yana da tambayoyinsa da ba sa canzawa. Mafi yawan masu rubutu suna buƙatar abin nan? Wa zai nome shi, wato wa zai riƙa gyara shi duk shekara idan ciyawa ta fito? Sannan wa ya duba shi layi-layi, ban da wanda ya rubuta?

Ya iya cewa a'a, Allah ya jiƙansa. Wata shekara wani bawan Allah ya kawo ƙarin da zai sa manhajar ta yi kiran salla idan lokaci ya yi, kuma yana so a saka shi a gandu. Kowa ya san abin zai ƙara mata nauyi, amma wa zai buɗe baki ya ce ba ya son kiran salla? Kawu ya gama taunar goronsa, ya ce, "Ladaninmu lafiyarsa ƙalau, ɗazu na gan shi. Ka yi gayaunarka, Allah ya ba da lada." Mutumin da kansa ya yi dariya. Taubashina kuwa an hana shi launuka, an hana shi hotuna, an hana shi adana rubutu a intanet saboda a Yauri wani lokaci sai ka hau tudu kake samun rezo, wato sabis na waya. Har yanzu idan ina son tsokanarsa nakan kira shi sarkin gayauna.

Ni ma na sha nawa. Na ƙera ƙarin rubuta alamomin lissafi, na tabbata a raina babu malamin da zai rayu ba da shi ba. Kawu ya ce gayauna. Na ce duk malaman lissafin Damagaram za su yi amfani da shi. Ya ce, "Uwata, malaman lissafi su nawa ne a cikin masu rubuta wasiƙa?" Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ranar nan sunan bai sanyaya mini rai ba. Na tashi daga tabarma a gaban mutane, na yi fushi na daina kai masa furar da nake dama masa duk Juma'a. Da abin ya daɗe sai ya aiko Inna ta gaya mini cewa ya amince furata ta shiga gandu, tunda mafi yawan mutanen gidan suna buƙatarta. Na koma da ƙwarya ina ƙunƙuni, alamomin lissafi kuwa har yau suna gayauna, kuma can ne wurinsu.

Amma abin da ba zan manta ba ya riga wannan. Aikina na farko da na kawo masa cike yake da kurakurai, ni kuwa ina ji da kaina, ga takardar digiri sabuwa. Bai bari ya kai tabarma ba. Ya kira ni ɗakinsa da la'asar, ya zaunar da ni a kujerarsa shi ya zauna a buhun gyaɗa, muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Bai ce kin yi kuskure ba ko sau ɗaya. Sai ya sa yatsa a kan gilashi ya ce, "Nan fa, idan mutum bai rubuta komai ba ya danna adanawa, me zai faru?" Ni da kaina nake gani, ni da kaina nake gyarawa. Ranar taro ya gabatar da aikin a matsayin nawa, bai ce ya taɓa shi ba. Haka ya yi wa kowa. Babu layi ɗaya a gandun nan da idon Kawu bai bi ta kansa ba, har na baƙin da bai san fuskarsu ba. Wannan ita ce hanyarsa ta nuna ya ɗauke ka mutum, ya zauna ya karanta abin da ka rubuta.

Ajami kuwa amininsa ne ya roƙe shi. Ya ce masa ka yi wa 'yan boko gata, mu da muka riga su rubutu fa? Kawu ya shafe rani guda a kansa. Aiki ne mai wuya, saboda ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, haruffansa suna canza siffa idan sun haɗu, ga wasula a sama da ƙasa. Da ya kawo shi tabarma ya faɗi gaskiya. Ya ce mafi yawan mutane ba sa buƙatarsa, don haka a ƙa'ida gayauna ne, amma shi bai gano yadda zai raba shi da gandu ba, ya cusa shi ne cikin sassan da ke tafiyar da layi da shafi. Ya ce ƙila akwai wata hanya, ku matasa ku nemo. Sannan ya yi tambayarsa ta kullum, "Wa zai duba mini?"

Ba wanda ya ɗaga hannu. Can taubashina ya ce, "Haba Baba, wa zai duba aikinka?" Muka yi dariya, muka ce madalla, Allah ya ƙara basira. Kawu ma ya yi murmushi. Ajami ya shiga gandu ranar nan ba tare da wani ido na biyu ya gan shi ba, abin da bai taɓa faruwa da aikin kowa ba.

Ina so a fahimce mu, ko da yake ban ce a wanke mu ba. Musu da Kawu a kan abinka daban, ni da kaina na yi shi har na tashi daga tabarma. Amma ka buɗe aikin dattijo kana neman inda ya yi kuskure, sannan ka zo gaban jama'a ka nuna da yatsa, wannan ba a haife mu a kansa ba. Mu da ko gyara masa karin magana ba ma yi idan ya baibaita shi. A ganinmu girma muke ba shi. Kuma duk shekara, idan aka taɓa wani abu a gandu ajami ya karkace, shi kaɗai yake komawa ya daidaita shi, ya dawo tabarma ya ce, "Har yanzu dai ba a duba mini ba." Mu kuma mu ce ai ka gama, Kawu. Mun ɗauka tawali'u ne irin na manya, kamar yadda mai gida zai ce abincin ba daɗi don a yaba. Da gaske yake, mu ne muka ƙi ji.

Kafin rasuwarsa duniya ta riga ta juya. Tsofaffin kwamfutocin da aka ƙera manhajar dominsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, magatakardan ƙungiyoyi da malaman lakwal duk a waya suke rubutu yanzu. Taubashina ya daɗe yana aikin mayar da ita waya, kuma komai ya tafi daidai ban da wuri ɗaya. Duk inda ya taɓa sai ajami ya riƙe masa ƙafa, saboda jijiyoyinsa sun ratsa ko'ina, kuma mutum ɗaya ne ya san hanyarsu. Idan aka bar shi, manhajar za ta tsaya a kan kwamfutocin da suka rage har su ƙare, ta ƙare tare da su. Idan aka cire, an cire abin da Kawu ya fi wahala a kansa, kuma an bar amininsa a baya. Taron bana ya faɗo bayan sadakar arba'in, kuma ni ce da makulli.

Na ce ba zan yanke hukunci a kan abin da ban karanta ba. Inna tana takaba, saboda haka kullum idan na taso daga lakwal sai in biya in gaishe ta, in shiga ɗakinsa in kunna kwamfutarsa. Wasu madannan sun shafe saboda duka, ba a ganin harafin da ke kansu. Ranar farko na ji kamar na buɗe akwatin tufafinsa ba izini. Na fara daga layin farko.

Aikin mutum ne mai haƙuri, kuma aikin mutum ne da ya yi shi shi kaɗai. Akwai wuraren da suka burge ni har na tsaya ina kallo. Akwai kuma kurakurai, irin waɗanda kowa ke yi, irin waɗanda ya sha nuna mini da yatsa. Abu ɗaya ya rubuta shi a wurare da yawa maimakon wuri ɗaya. Wani wuri ya gwada hanya ya toshe ta, ya gwada wata ya toshe ta, duk ya bar su a nan. Can na tarar da dalilin wata matsala da amininsa ya daɗe yana fama da ita, wasalin harafin ƙarshe yakan ɓace idan layi ya cika, sai ya bi takardar da alƙalami yana mayar da shi bayan an buga. Kawu ya sani, na ga alamun ya yi ta kewaye wurin shekara da shekaru yana nema. Ɗan kuskure ne a ƙidaya, ya fara daga ɗaya inda ya kamata ya fara daga sifili. Ido na biyu zai gan shi a zama guda. Na gyara shi, na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo daga baya. Da na gama karantawa sai na ga hanyar da ya ce mu nemo. Tana nan, kuma ba ta da wuya a lokacin. Da ɗayanmu ya zauna da shi a shekarar farko, da an keɓe ajami ya zama gayauna mai ƙafafunta, ta bi manhajar duk inda ta tafi. Yanzu kuwa an yi gini a kansa shekara bayan shekara, ba ya ɓamɓaruwa sai dai a sake rubuta shi daga tushe, kuma wannan sai wanda ya san na'ura ya kuma san ajami kamar tafin hannunsa. Ni ajamina na ƙuruciya ne, ina haɗa baƙi da ƙyar. Taubashina ko wannan bai kai ba. Girman da muka ba Kawu shi ne ya hana aikinsa rayuwa bayansa.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya kamar kullum, aka bar wurinsa ba kowa. 'Yan cin rani sun riga sun ɗaure kaya. Amininsa ya zo daga Dawce a kan kabu-kabu, ya zauna a gefe da carbi. Taubashina ya yi bayanin waya, muryarsa ba ƙarfi, yau babu tsokana. Sai wani daga cikin tsofaffin abokan aikin Kawu ya ce a bar ajami inda yake don tunawa da mamaci, ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba za a fara rushe masa gini. Mutane suka ce gaskiya ne. Wata murya daga waya ta ce ko a jira wata shekara. Na ga yadda kowa ya saki numfashi, ni ma raina ya so in ce to a jira, in tashi da mutuncina.

Na ce na karanta shi duka. Suka juyo suna kallona kamar na ce na tone wani abu. Na faɗi abin da na gani, mai kyau da marar kyau, a gaban jama'a. Sannan na tambaya ko akwai wanda zai ɗauki nomansa, ya sake rubuta shi, ya riƙa gyara shi duk shekara. Ba wanda ya ɗauka, kamar dai ranar da Kawu ya nemi mai duba masa. Ni ma ban ɗaga hannu ba. Na san idan na ɗauka don kunya zan riƙe shi shekara ɗaya in sake shi, ga aji ga yara, ga ajamin da ban iya ba, kuma na gaji da cewa to a kan abin da ba zan yi ba. Na ce to, bana ajami zai fita daga gandu. Za a adana shi inda kowa zai iya ɗauka, ko Allah zai kawo wanda ya iya.

Amininsa bai ɗaga murya ba. Ya ce, yana nufin kwamfutarsa, "Wanda ke cikin ordinatar tawa fa, ɗiyata?"

Na ce, "Yana nan, Malam, ba mai taɓa shi. Na ma gyara wasalin nan da ke ɓacewa, zan zo in saka maka. Amma ranar da ordinatar ta mutu, sabon zubin ba zai rubuta maka ajami ba."

Ya ja carbi, ya ce, "To. Ni da ita sai mu ga wanda zai riga wani." Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya sa albarka, ya tashi ya nemi mai kabu-kabunsa. Na so a ce ya zage ni.

A ranar na cire shi, kafin zuciyata ta sami hanyar zillewa. Layukan da Kawu ya yi shekaru yana lallaɓa su suka fita da dannawa ɗaya. Taubashina yana tsaye a bayana, ya gwada sabon zubin a wayarsa, ya buɗe ba tangarɗa. Ba wanda ya yi murna a cikinmu. Ya sa wayar a aljihu ya fita, na ji shi yana fyace hanci a bayan ɗaki.

Sai na shiga wurin Inna, don ban so ta ji a bakin wani ba. Tana zaune a kan tabarmarta ta takaba tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaya mata na cire aikin Kawu daga manhajarsa. Ban san ko ta gane me ake nufi da gandu da gayauna a cikin na'ura ba, kuma ba ta tambaya ba. Abin da ta tambaya daban ne.

"An ce kin karanta shi?"

"Na karanta, Inna."

"Duka?"

"Duka."

"Yaya kika gan shi?"

Na yi niyyar in ce ba shi da aibu, maganar har ta zo bakina. Na ce, "Yana da kyau, Inna. Amma akwai kurakurai da dama."

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce duk shekara idan aka tashi daga taron nan sai ya shigo ya zauna nan bakin ƙofa, ta tambaye shi yaya, ya ce sun ce ya yi kyau, daga nan ba ya ƙara magana sai an kira magariba. Ita ta ɗauka gajiya ce. Sai ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Da kin gaya masa wannan yana da rai, ɗiyar nan, da ya yanka miki kaza."

Allah ka yafe wa Kawu kurakuransa, waɗanda muka gani da waɗanda ba mu gani ba, ka yalwata masa makwanci, ka sa aikinsa ya bi shi da haske. Mu kuma da muka bar shi shi kaɗai muna ce masa madalla, Allah ka yafe mana.